An gwada maleriya babu, amma zazzaɓin ya ƙi sauka

Maman Biyu, Kubwa:
Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ƙanina yau kwana huɗu yana kwance, zazzaɓi mai zafi, ciwon kai har can bayan ido, ga gaɓoɓi kamar an lakaɗa masa duka, sau biyu ana gwajin maleriya babu komai, yanzu likita ya ce yana zargin dengue sai an yi wani gwajin jini. Wai da gaske akwai wannan cutar a Najeriya?

Nas daga Gwarinpa:
Wa'alaikumus salam. Akwai ta sosai 'yar uwa, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da cewa ta ɓulla a Sakkwato a watan Nuwamba 2023, a shekarar nan ma ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. Matsalarmu duk zazzaɓi maleriya muke ce masa mu wuce kemis. Don Allah kar ku ba shi ibuprofen ko aspirin ko diclofenac, suna iya jawo zubar jini, paracetamol kawai, sai ruwa da ORS (ruwan gishiri da sukari) da yawa. Kuma ki sa ido sosai ranar da zafin jikin ya sauka, a nan ne hatsarin yake, in kika ga ciwon ciki mai tsanani ko amai ba tsayawa ko jini a dasashi ko hanci, ku koma asibiti ko tsakar dare ne.

Baban Yara, Nyanya:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Amma mu kullum cikin gidan sauro muke kwana, ai mun tsira ko?

Nas daga Gwarinpa:
Ina fa Malam, sauron da ke yaɗa dengue daban ne, Aedes, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, shi da rana yake cizo, da safe da kuma wajen la'asar. Kuma ba sai kwata ba, a duron da mai ruwa ke cika mana ma yana ƙwai, da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, abin da ke damuna kenan da unguwannin da babu famfo. A rufe duro ruf, a zubar a goge cikinsa duk sati saboda ƙwan na manne a jikin robar.

Maman Biyu, Kubwa:
Na gode ƙwarai Anti, Allah ya saka. Wallahi jiya da dare saura kaɗan in ba shi ibuprofen. Duro uku ne a tsakar gidanmu duk a buɗe, yanzu na leƙa ɗaya na ga 'yan tsutsotsi suna iyo a ciki.