Abin da na tsinta a hirar masu injin roba

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura wani ƙanenmu ya zo da buta a hannu, gindinta ya lotsa, bakinta duk ɓaragurbin roba, wai injinsa na ƙera kayan roba ya lalace. Manya suka ce ba injin ba ne, saiti ne.

Na farko dai a daina cakuɗa roba, a duba lambar da ke gindin kaya mai nuna irin robar, 5 PP ce, 2 HDPE, in PVC mai lamba 3 ta shiga ciki kuwa hayaƙinta na cin ƙarfen mol, wato mazubin da ke ba kaya siffa. PP tana narkewa wajen digiri 165 amma a injin sai an kai 200 zuwa 250 take gudu sosai, in zafi ya wuce kima ta ƙone ta yi baƙi-baƙi.

Lotsawar nan kuma, suka ce an saki matsin da ke tura roba cikin mol da wuri ne, roba na tsukewa in tana hucewa, balle wuri mai kauri. Ɓaragurbin gefe matsi ne ya fi ƙarfin damƙar mol.

Robar nailan da ta PET na shan danshi, sai an busar da su tukuna, balle da damina. In Nepa suka ɗauke wuta kuma, wani Alhaji cikin manyan ya ce kar a murza sukurun da ke tura roba a cikin injin sai robar ciki ta sake narkewa.