Wasiyya a Legas: ta yaya zan tanadar wa jikokina marayu?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Na shekara 31 ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, kuma Allah ya hore mini gida ɗaya a Agege da ɗan abin da ke banki. Ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza da mata. Babban ɗana ya rasu bara ya bar mini yara uku, kuma na san jika ba ya cin gadon kakansa muddin akwai ɗa namiji a raye. Wannan ne yake hana ni barci. Idan na rubuta wasiyya ta hannun lauya, kotun Legas za ta yi aiki da ita ba tare da na saɓa wa shari'a ba?

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya abin da ya bari. Shari'a ta ba ka ƙofa, domin Manzon Allah (SAW) ya amince wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa, ya kuma ce sulusin ma yana da yawa. Babu wasiyya ga magaji, amma jikokin nan naka ba magada ba ne, saboda haka ya halatta ka ware musu abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Za a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba saura, inda matanka biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, a tsakaninsu.

Lauya daga Ikeja: Alhaji, Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, don haka Babbar Kotun Jiha ce za ta duba takardarka. A shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi duk da cewa ta saɓa wa rabon mazhabar Malikiyya. A ganina darasin shi ne ka rubuta ƙarara cewa bayan sulusin jikoki, a raba sauran bisa gadon Musulunci, kada ka bar wa kowa ya yi maka fassara. Dole ka sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda, kuma kada wanda zai amfana ko matarsa su zama shaidu, domin rabonsa zai ɓaci. Sannan a ajiye ta a sashen kula da wasiyya na kotun. Da yake yaran ƙanana ne, ya fi kyau rabonsu ya shiga amana, wato ka naɗa amintattu biyu, ko kamfanin riƙon amana mai rajista, su riƙa biyan kuɗin makaranta da magani har yaran su kai shekarun da ka ƙayyade. Idan kuwa kana son mallaka musu wani ɓangare na gidan tun kana raye, dokar filaye ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, don Allah kada ka jinkirta. Da maigidana ya rasu, sunana ne a takardar banki a matsayin makusanciyarsa, na ɗauka hakan ya wadatar, ashe lambar wanda za a kira ce kawai. Sai da muka samo takardar izinin gudanar da dukiya daga kotu, abin da ya ci mana fiye da shekara, yara suna zaune a gida babu kuɗin makaranta. Ka rubuta har bashin da kake bi da wanda ake binka a kasuwa, domin nan ne muka fi shan wahala.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara tara matana da manyan 'ya'yana in sanar da su niyyata ranar Juma'a, kafin in je wurin lauya da takardun gidan.