Shin ya dace 'yata ta ɗauki darasin AP Statistics tun tana sakandare?

Mahaifi daga Maryland:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin tsarin karatun Amurka. 'Yata ta fari tana aji goma, kuma makarantarsu ta aiko da takardar zaɓen darussan baɗi, ana so in sa hannu kafin ƙarshen wata. A bana za ta kammala aljabra ta biyu, sai na ga ta cire darasin share fagen kalkulas (wani reshe na lissafi mai zurfi) ta sa AP Statistics, wato ƙididdigar da aka ce daidai take da wadda ake koyarwa a zango ɗaya na jami'a. Ni kuwa abin da na koya na ƙididdiga ina sakandare a Katsina bai wuce nemo matsakaicin lambobi da zana jadawali ba, shi ya sa zuciyata ke raya mini cewa gudun wahala take yi, tun da ƙawayenta duk hanyar kalkulas suka nufa. Burinta ta karanci aikin jinya, daga baya ta shiga fannin lafiyar al'umma. Shin darasin yana da nauyin da jami'o'i za su girmama, kuma da gaske ne zai rage mata wani kwas idan ta shiga jami'a?

Malamar lissafi:

Wa alaikumus salam Malam. Na koyar da wannan darasi shekaru da dama, kuma ina tabbatar maka cewa wanda ya shige shi don neman sauƙi yakan gane kurensa kafin a yi hutun Disamba. Gaskiya ne lissafin cikinsa bai da tsauri, domin ba ya buƙatar kalkulas, kuma yawancin ƙirge-ƙirgen kalkuleta ce ke yin su, galibi TI-84. Wahalar tana wajen karatu da rubutu. Za a ba ɗalibi labarin wani bincike mai tsawon rabin shafi, a ce ya faɗi ko an zaɓi mutanen da aka tambaya ta hanyar da ta dace, ko sakamakon ya isa a ce wannan abu ne ya haddasa wancan, sannan ya rubuta hukuncinsa cikin cikakkun jimloli da ke ambaton ainihin abin da ake bincike a kansa. Na sha ganin yaro mai kaifin lissafi ya samo lambar daidai, amma ya rasa rabin makin saboda bai duba sharuɗɗan gwajin ƙididdigar da ya yi amfani da shi ba, ko kuma ya rubuta lambar tsirara ba tare da bayanin ma'anarta ba.

A makon farko nakan ba ɗalibaina labarin zaɓen Amurka na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2, ta yi shelar cewa Alf Landon ne zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsinto sunaye ne daga kundin masu tarho da masu mota da makamantansu a lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, ya hango nasarar Roosevelt. Daga nan yaro ke fara fahimtar cewa yawan waɗanda aka tambaya ba ya gyara kuskuren yadda aka zaɓo su, kuma a kan irin wannan tunani aka gina shekarar gaba ɗaya: bayyana bayanai, tsara bincike da gwaji, ilimin yiwuwar aukuwar abu, sai kuma yanke hukunci a kan jama'a mai yawa daga ɗan samfuri.

Hukumar College Board ce ke shirya jarrabawar ƙarshen darasin, tun 1997 ake yin ta, a watan Mayu ake zama, sakamako ya fito a Yuli, kuma maki daga 1 zuwa 5 ne. A shekarun da na shirya ɗalibai, awa uku ake yi: tambayoyin zaɓi 40 a rabin farko, tambayoyin rubutu 6 a rabi na biyu. Hukumar takan yi wa manhajar gyara, saboda haka ka nemi ta shekarar a hannun malamin da zai koyar.

Abin da bai kwanta mini ba a zaɓin 'yarmu shi ne cire darasin share fagen kalkulas da ta yi. Idan ta bar shi a aji goma sha ɗaya, ta rufe wa kanta ƙofar kalkulas a aji goma sha biyu, alhali yarinya mai shekara goma sha biyar ko sha shida tana iya sauya buri. Ko dai ta haɗa biyun idan jadawalinta zai ɗauka, ko ta ajiye ƙididdigar sai shekarar ƙarshe.

Ɗalibin injiniya:

Baba, ina so in ƙara bayani a kan tambayarka ta biyu, domin ta faru da ni. Na ci maki 5 a wannan jarrabawa, amma da na shiga sashen injiniya sai aka gaya mini cewa ƙididdigar da suke buƙata ita ce wadda aka gina a kan kalkulas, don haka sai da na sake yin tasu, tawa kuma aka lissafa mini ita cikin darussan cike gurbi. Kowace jami'a tana da nata ƙa'idar: wasu na karɓar maki 3, wasu sai 4 ko 5, wasu kuma ba sa rage wa ɗalibi komai, sai dai su duba cewa ya ɗauki darasi mai nauyi lokacin da suke tantance masu neman gurbi. Yawancinsu suna wallafa jadawalin makin da suke karɓa a shafinsu na intanet, kuma ya kamata ku zauna da ƙanwata ku duba na jami'o'i uku ko huɗu da take sha'awa, ku duba har da sharuɗɗan sashen jinya kansa, domin wani lokaci sukan bambanta da na jami'ar. Duk da haka ban yi da-na-sanin ɗaukarsa ba, domin lokacin da abokan karatuna ke fama da ma'anar gwajin hasashe, wato auna ko bayanan da aka tattara sun goyi bayan wani zato, ni na riga na saba da ita.

Ma'aikaciyar jinya, uwar 'ya'ya uku:

Malam, a matsayina na wadda ke cikin aikin da 'yarka ke buri, ina ganin ta yi hangen nesa. Shirye-shiryen digirin jinya da yawa a nan suna sa ƙididdiga cikin darussan da dole a ci, kuma a wurin aiki kullum ana kawo mana sakamakon bincike a ce a sauya yadda ake kula da rauni ko yadda ake ba da wani magani, wanda kuma bai iya karanta irin waɗannan takardu ba sai dai ya bi abin da aka ce masa.

Ɗana na biyu ya yi darasin, kuma ba zan manta da daren da na dawo daga aiki na same shi a teburin cin abinci ba, kalkuleta a gefe, ya soke jimla guda har sau uku. Ya riga ya samo amsar, abin da ya tsayar da shi shi ne yadda zai bayyana ma'anar tabbacin kashi 95 cikin 100 ba tare da ya faɗi abin da lissafin bai faɗa ba. Na zauna ya karanta mini, na ce ban gane ba, ya sake rubutawa har na gane. Idan Turancin 'yarka na karatu da rubutu yana da ƙarfi, za ta ji daɗinsa, idan kuma nan ne rauninta, to a fara neman mata taimako tun watan Satumba.

Akwai kuma wata hanya da ya kamata ka sani, wato yin kwas ɗin ƙididdiga a kwalejin al'umma, wato kwalejin gaba da sakandare ta shekara biyu, tun tana sakandare. A nan ba jarrabawar rana ɗaya ce ke yanke hukunci ba, amma makin da ta samu zai zauna a takardar sakamakonta ta jami'a, mai kyau ne ko marar kyau. Kuɗin jarrabawar AP kuwa ya kai kusan dala 100, kuma akwai rangwame ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, sai ka tambayi makaranta.

Mahaifi daga Maryland:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na zauna da ita daren jiya na karanta mata amsoshinku, kuma na nemi afuwarta a kan zargin gudun wahala da na yi mata, domin ta nuna mini cewa tun kafin ta cike takardar ta duba sharuɗɗan sashen jinya na jami'o'i biyu. Mun amince za ta mayar da darasin share fagen kalkulas, kuma ranar Talata za mu ga mai ba ɗalibai shawara a makarantar don a duba ko jadawalin zai ɗauki biyun. Malama, tun da za ta yi kimiyyar sinadarai mai nauyi a shekarar, kina ganin haɗa ukun ba zai yi mata yawa ba, ko mu bar ƙididdigar sai aji goma sha biyu?