Abin da muka tsayar a majalisa kan karen gadi

Jiya bayan isha'i a majalisarmu nan ƙauye wajen Ringim zancen karen gadi ya tashi, saboda wani ya sayo ƙaton karen Turawa da ake kira Rottweiler yana masa tsaron garke, alhali ta nan yara suke bi zuwa makarantar allo. Yawanci dai sun ce karenmu na gida ya isa gadi, irin waɗancan sai mai katanga da ya iya horo, wani irin karen faɗa da ake kira pitbul ma ai tun 1991 Ingila ta kafa dokar hana kiwonsa. In ka ajiye to ka ɗaure abinka da rana, sai sawu ya ɗauke ka sake shi, kuma duk shekara likitan dabbobi ya yi masa rigakafin haukan kare.

Ni wallahi yaran ne suka fi damuna. A koya musu kar su jefi kare, kar su matsa kusa yana cin abinci, balle karya mai jego, in ya biyo su kar su ruga su tsaya cak. In kuma ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa sosai har minti 15, a wuce asibiti ranar a fara allura, kar a tsaya na gargajiya, don da zarar alamun haukan sun fito da wuya a tashi.