Me ya sa TCP ke jan ƙafa a rediyon soja?

Ɗalibin sadarwa:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ɗauki nauyin binciken da ya haifar da TCP, wato ƙa'idar da ke tabbatar da isar bayanai tsakanin kwamfutoci a intanet, har an gwada shi a kan rediyo tun shekarun 1970. To, me ya sa yau ake kukan ba ya tafiya yadda ya kamata a sadarwar soja marar waya, kuma ta ina ake gyara?

Injiniyan rediyo:
Wa alaikumus salam. Tushen abin shi ne gyaran da masanin kwamfuta Van Jacobson ya yi wa TCP a 1988, bayan cunkoso ya durƙusar da intanet a 1986. Tun daga nan, duk lokacin da ƙunshin bayanai ya ɓace, TCP kan ɗauka hanya ce ta cika, sai ya rage abin da yake turawa sosai. A kan waya wannan zato yakan yi daidai. Amma motar soja da ta shiga bayan dutse, ko wadda abokan gaba suka dagula wa sigina, ƙunshinta na ɓacewa ne alhali hanya fayau take, sai TCP ya ja baya ba gaira ba dalili.

Mai aikin tauraron ɗan'adam:
Ga kuma nisa. Tauraron da ke kilomita 35,786 sama yana sa saƙo da amsarsa su ci fiye da rabin daƙiƙa. Shi ya sa ake dasa na'urar PEP, mai hanzarta tafiyar TCP, a tsakiya, ta riƙa amsa wa mai turawa a madadin mai karɓa, sannan ta haye tauraron da ƙa'ida irin SCPS-TP, wadda aka tsara don sadarwar sararin samaniya.

Malamin tsaron bayanai:
Malam, a nan gizo ke saƙar. Soja yakan tura bayanansa a kulle, kuma da zarar IPsec, wato tsarin kulle bayanai don kada wani ya karanta, ya kulle ƙunshi, PEP ba ta ganin lambobin TCP, balle ta amsa. Dole a girke ta kafin na'urar kullewa, a ɓangaren da bayanan sirri ke a buɗe tukuna, wato ta zama ƙarin kayan da za a tantance a kuma tsare. A ganina, ga saƙon da ake aika wa runduna da yawa lokaci guda, gara a bar TCP a koma ƙa'idar NORM, wadda ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya yi aiki a kanta, aka fitar da ita a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 5740 a 2009. A can mai karɓa ba ya magana sai ya rasa wani abu, kuma ƙunshin gyara ɗaya kan iya cike giɓin masu karɓa da dama, ko da ba abu ɗaya suka rasa ba.