Shafa mai lokacin haihuwa yana hana ƙaruwa?

Amaryar Argungu: Salam 'yan uwa, cikin fari gare ni wata 8, wallahi tsoron ƙaruwa da ɗinki ya hana ni barci, wata maƙwabciya ta ce in tafi asibiti da man zaitun a shafa min in kan yaro ya taho. Da gaske yana aiki?

Maman Sadiq: Ni dai jel suka sa min a Birnin Kebbi, irin na asibiti mai santsi, nas ɗin tana sa yatsu biyu tana buɗa wurin a hankali, ban ƙaru ba alhamdulillah. Amma fa haihuwa ta uku ce.

Anti Nas: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Mai shi kaɗai ba ya ba da tabbaci, santsi kawai yake ƙarawa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ba da shawara a 2018 shi ne tausar wurin, wato tsakanin farji da dubura, da ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi, da tallafe wurin da hannu sadda kai ke fitowa. Ke kuma daga sati 34 ki fara tausa a gida da man zaitun ko na kwakwa minti 5 zuwa 10, masu cikin fari sun fi amfana. In an ce ki daina yunƙuri ki yi numfashi to ki daina, fitowar kai da ƙarfi shi ke yagawa. Don Allah kar ki bari kowa ya yi miki yankan gishiri, yoyon fitsari yake jawowa.

Amaryar Argungu: Na gode Anti, ranar awo zan ce a nuna min yadda ake tausar.