Kala biyu duk suna fitowa a digiri 45, ya zan gyara?

Mai_Tawada:
Assalamu alaikum masu sana'ar ɗab'i. Ina da aiki kala biyu, baƙi da wani shuɗi na Pantone (tawadar da ake haɗawa ta musamman), akwai hoto a ciki inda kalolin ke hawa kan juna. Da na raba kala a manhajar InDesign na fidda fim ɗin da ake yin farantin bugu da shi, sai na ga ɗigo-ɗigon da ke haɗa hoton, na duka kala biyun, a kwance a digiri 45, gwajin bugu kuma hoton ya dagule, wata takardar ta fi wata duhu alhali inji ɗaya tawada ɗaya. Na shiga saitin Output na manhajar na maida shuɗin digiri 75 amma fim ya sake fitowa yadda yake. Don Allah me ke jawo haka?

Baban_Faranti:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai manhajojin nan in ba ka gaya musu ba, duk kalar da ba ta cikin CMYK, kaloli huɗun nan na bugu, kusurwar baƙi suke ba ta, wato 45. To ɗigon shuɗi sai ya zauna daidai kan ɗigon baƙi, da zarar takarda ta ɗan gota ko kaɗan ne shuɗin ya leƙo ta gefe, a ta gaba ya sake ɓuya, shi ya sa kala ke ta canza maka. Zaɓinka na 75 daidai ne, kala mafi duhu a bar mata 45 don a nan ido bai cika ganin layin ɗigon ba, ta biyu 75, in da ta uku 15, dai a samu tazarar digiri 30 tsakaninsu. In tazarar ta matse sai wannan zanen mai kama da saƙar tabarma ya fito a hoto. Sifili kuwa na kala mai haske ne irin rawaya.

Hajiya_RIP:
Abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai matsalarka ba a InDesign take ba, a RIP take, wato manhajar da ke maida fayil ɗigo-ɗigo kafin a fidda fim. Da yawansu an saita su su yi watsi da kusurwar da ta zo cikin fayil su sa tasu, in kuma PDF guda ka tura ba a rarrabe ba to can ake raba kalar, abin da ka rubuta bai ma isa gare shi ba. Ka samu mai fidda fim ɗin, ko ya cire wancan saitin ko ya ba shuɗin kusurwar majenta, wato 75, da hannunsa. Sunan kalar kuma ya zama iri ɗaya sak a duk fayil ɗin, harafi ɗaya ya bambanta RIP ɗin zai ɗauke ta kala daban.

Mai_Tawada:
Allah ya saka da alheri Hajiya. To rubutun da ke shuɗi zalla fa, shi ma sai an taɓa?

Hajiya_RIP:
A'a, abin da yake 100 bisa 100 ba shi da ɗigo balle kusurwa.

Ɗan_Raga:
Ni dai na riguna ne, in wani mai bugu da raga yana karantawa kar ya kwafi 45 da 75 ɗin nan, mu zaren ragar kansa yana faɗa da ɗigon, shi ya sa da yawanmu 22.5 muke sa duk kalolin. Kuma Malam kafin ka ƙona faranti ka ɗora fina-finan biyu kan juna a teburin haske ka duba da madubin ƙara girma, in ɗigon sun tashi 'yar zagayayyar fure-fure to kusurwa ta shiga.